Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Tsallake Babukan Jikar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labarin wata mai sayar da goro a Zangon Kumasi, wadda ta ɓace a 1969, aka daina ko ambaton sunanta. Babi ɗaya a zamaninta, babi ɗaya a yau, inda jikarta ke bin sawu. Ƙawayena sun karanta, amma tsallake babukan jikar suke yi. Laifin salon ne ko nawa?
Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Shekarar da kika zaɓa ta yi miki rabin aikin. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Gana. A irin wannan hargitsi, mace na iya ɓacewa, gida ya ce "ta bi mota Najeriya", magana ta mutu. Nan salon yake da ƙarfi: mai karatu ya ga matar da ranta tana yayyafa wa huhun goro ruwa, tana ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ya juya shafi ya tarar ko hotonta babu a gidan da guminta ya gina.

Ɗingishin kuwa kusan kullum a ƙafar yau yake. Kakar na fuskantar kora da asarar jari. Jikar fa, me za ta rasa? In aikinta buɗe adaka da gaishe da tsofaffi kawai ne, dole a tsallake ta. Ki ɗora mata abin asara. Misali, in ta tabbata gidan Aboabo na kakar ne, ɗakuna huɗun da baffanta ke karɓar hayarsu sun koma rabon gado, shi ne kuma mai biya mata kuɗin makaranta. Daga nan kowace tambayarta da tsada.

Sai tsarin tona asiri. Ki ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya abin da mai karatu ya sani, ɗayan abin da jikar ta sani, babi bayan babi. In kin nuna wanda ya ci amanar matar a babi na 6, jikar ba ta gano ba sai na 15, kin bar mai karatu yana hamma. Kada tazarar ta wuce babi biyu. Kuma ba wajibi ba ne a yi ɗaya nan ɗaya can. Cikin babi 30, kakar na iya ɗaukar 18.

Don Allah ki rabu da dabarar nan da marubuta suka saba, ta tsintar littafin sirri mai shafi arba'in a ƙasan adaka. Mun gaji da shi, kuma yaushe mai goro ta sami wannan zaman? Ki ba jikar guntun wasiƙar ajami da malamin zaure ya rubuta wa kakar, ko sunanta a takardar shari'ar bashi irin waɗanda ake adanawa a Manhyia, fadar Sarkin Asante, da tsofaffi biyu masu ƙaryata juna, ɗaya cikinsu kishiyarta ce.

Ki kula da kuɗi ma. Sidi, kuɗin Gana, ya shigo tun 1965, don haka rasit ɗin 1969 ba zai zo da fam ba, ko da yake a bakin 'yan kasuwa sidi biyu "fam ɗaya" ne.