Amsa ga mai magen da ta ƙi shan ruwan kwano

Wa alaikumussalam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, ban samu zama ba sai yanzu. Kince magen da aka ba ki wata biyu da suka wuce ta ƙi shan ruwan da kike zuba mata a kwano, sai dai ta je tana lasar bakin famfo ko ta zura kai a bokitin banɗaki, tana cin ciyawa ta yi amai, tana lasar leda, kuma da asuba sai ta kama tsere a tsakar gida kamar ana binta, har Mama surukarki ta fara cewa a fitar da ita, wai ko ba ta da lafiya ko kuma ba mage ba ce tsagwaronta. Dan Allah kar ki fitar da ita. Shekara 17 kenan ban rabu da mage a gidana ba, kafin nan ma a ɗakin kakata cikinsu na tashi, kuma duk abin da kika lissafo ba wanda ban gani da idona ba. Kusan dukansu halinsu ne kawai. Guda ɗaya ne a ciki ya tayar min da hankali, maganar ledar nan, zan zo kanta.

Maganar ruwa tukuna. Asalin magen gida daga magen daji ta fito, ta arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙasashen da ruwa yake wuya. Can a jikin abin da ta kama take samun ruwanta, ɓera ma kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, shi yasa har yau ƙishirwa ba ta cika damunsu ba kamar yadda take damun kare ko akuya. Kuma yawancinsu ba sa son ruwa a gefen abinci, ba sa son wanda ya kwana, sun fi son mai motsi. Tawa ta farko da muke ce wa Fara, in na tsuguna alwala da asuba sai ta zo ta zauna dab da ƙafata tana kallon bakin buta, in na karkata mata kaɗan ruwan ya fara zuba sai ta miƙo wuya tana lasa idonta a lumshe, alhali kwanonta na can cike ko kallonsa ba ta yi ba. Shekara tara muna haka da ita. In ma tsarki ne yake damun Mama, ai akwai hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa, da mage ta zo wa ruwan alwalarsa ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, yace Annabi SAW yace ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu.

Abin da za ki yi, ki ɗauke ruwan daga wajen abincin ki kai wani lungu daban, nesa da inda take bayan gida. Ki samu abu mai faɗin baki ba mai zurfi ba, ni ɗan kasko na ƙasa nake sa musu, yana sanyaya ruwa kamar randa kuma ba ya warin roba. Ki canza safe da yamma, in da hali ki ajiye wuri biyu. Banɗakin kuma ki dinga rufewa, ba don ruwan ba, don omo da maganin wanke masai da ake bari a bokiti. In kika samu lokaci ki tsuguna ki kalli yadda take sha, abin sha'awa ne wallahi, ba ɗiban ruwa take da harshe kamar ludayi ba, bakin harshen kawai take taɓa saman ruwan ta ja da sauri ruwan ya biyo shi sama ta rufe baki, kamar sau huɗu a daƙiƙa ɗaya, ko haɓarta ba ta jiƙewa. Wasu ma hannu suke tsomawa su lashe, duk ba komai.

Kin kuma tambaya ko ki koma ba ta madara tunda ta ƙi ruwa. A'a. Mu duk mun tashi da cewa mage da madara ba a raba su, kuma gaskiya ne suna so, amma in an yaye su cikinsu yana daina iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ki ga gudawa da kumburin ciki. Ni dai cokali ɗaya na kindirmo marar suga nake ba su jefi-jefi tunda shi ya riga ya yi tsami, shi ma in naga cikin ya ɓaci na daina.

Toh abinci, nan ne muke zaluntarsu ba mu sani ba. Mage ba ta jin zaƙi sam, haka Allah ya halicci harshenta, in kinga tana lasar kek ko kunun gyaɗa to maiƙon take bi ba sugan ba. Mai cin nama ce ta gaske, akwai wani sinadari a nama ana ce masa torin da jikinta ba ya iya haɗa wanda zai ishe ta, in ta daɗe ba ta samu ba ido yana mutuwa zuciya ma ta lalace. Amma sai ki ga gida an ajiye mage shekara da shekaru sai ragowar tuwo da miya da ƙanzon shinkafa, in ta saci nama a kicin a bi ta da muciya. Yunwa ce fa. Kuma miyar tamu ita kanta matsala ce, albasa da tafarnuwa suna fasa musu ƙwayoyin jini, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya, kaɗan-kaɗan kullum sai ki ga mage ta yi laushi dasashinta ya yi fari. Har yajin tsire da na kilishi ki kiyaye don sau da yawa da tafarnuwa a ciki. Ni in zan ɗora sanwa kafin in sa kayan miya nake cire musu nasu in dafa da ruwa zalla. Ba sai mai tsada ba, zuciya da ƙundun kaza, dafaffen ƙwai, kifi an cire ƙaya, hanta kaɗan ba kullum ba. Ƙashin kaza dafaffe kar ki ba ta, tsagewa yake yi ya soke ta.

Kowace kuma da nata son zuciyar. Muzuruna Goje dafaffiyar kabewa yake so kamar me, in ya ji ana yanka ta sai ya zo ya tsaya a ƙofar kicin yana kuka har sai an dafa an ɗiba masa, ita kuwa uwarsa ko sunsunawa ba ta yi. In kika ga taki ta ci loma biyu ta tafi ta dawo anjima, ba raina abincin ta yi ba, haka cinsu yake ɗan kaɗan sau da yawa kamar mai kama ɓera ɗaya-ɗaya. In ta gama ta kama tonon siminti a gefen kwano, binne ragowar take son yi. In ta ɗauke naman ta kai ƙarƙashin gado, wurin da ba mai ƙwace mata take nema. Abin da ya fito daga firiji kuma ki ɗan ɗumama, da sanyinsa ba ta jin ƙamshinsa sai ta juya baya.

Ciyawa ba komai ba ce, lafiyayyu ma suna ci, wani lokacin su amayo da dunƙulen gashin da suka haɗiya wajen lasar jiki. In sau ɗaya ne a sati ko sati biyu kuma tana cin abincinta tana wasa, ki ƙyale ta. Ni alkama nake shuka musu a gwangwani su dinga tsinka, don kar su je su ci wadda aka yi wa feshi.

Yanzu ledar. Lasa kawai ba laifi, yawanci ƙamshin abin da aka ƙunsa take bi, amma magen da ke lasar leda wataran za ta tauna ta haɗiye, kuma irinta ce ke bin zare. Ni ɗinki nake yi a gida. Akwai 'yar Fara da muke ce wa Kyauta, wata takwas, kullum tana ƙarƙashin keke tana wasa da guntayen zare, ni kuma ina jin daɗin kallonta ban san komai ba. Wata Laraba ta fara amai, nace ciyawa ce. Alhamis ta ƙi abinci ta shige bayan randa ta kwanta. Juma'a da safe naga zare ja ya leƙo ta bayanta, na kama na ɗan ja, ta yi wata ƙara da har yau ina jinta a kunnena. Da muka kai ta asibitin dabbobi likitan ya buɗe bakinta ya nuna min, zaren ya naɗe a gindin harshe ta ƙasa, ragowar ya bi har hanji. Yace harshen mage ƙayoyinsa ciki suke kallo, in zare ya hau ba ta iya tofarwa sai haɗiya, kuma in bakin zaren ya maƙale a sama hanjin sai ya dinga tattaruwa a jikinsa har zaren ya yanka shi. Ni da nake jan zare kullum in yi tattara a wuyan riga, yana faɗa na gane abin da ya faru a cikinta. An yi mata aiki amma ba ta kwana ba. Dan girman Allah ƙanwata ki kwashe zare, allura, ulun kitso, robar ɗaure gashi, igiyar buhu da ledar da aka ƙunso nama ko kifi daga inda za ta kai. In kuma kika taɓa ganin zare ya leƙo ta baki ko ta baya kar ki ja ko kaɗan, ki ɗauke ta sai asibiti.

Tunda na zo nan bari in ƙara. Kar ki taɓa ba mage farasitamol don kinga jikinta da zafi, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ko ɓarin ƙwaya yana iya kashe ta, kuma jikinsu dama ya fi namu ɗumi, wajen digiri 38 zuwa 39 lafiyarsu kenan. Maganin ɓera shi ma, in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci. In za ki fesa fiya-fiya ki fitar da ita da kwanukanta sai ɗakin ya sha iska.

Tseren asuba kuwa, ai lokacin farautarsu ne, asuba da magariba lokacin da ɓeraye da tsuntsaye ke motsi. Dabbar da ke barcin awa 12 zuwa 16 a rana dole ta tashi da ƙarfi a jiki, ga shi a gidanki ba abin kamawa, sai ta kama takalmi da labule da ƙafar mai wucewa. Duk wasanta in kika lura farauta ce, ta laɓe, ta karkaɗa ƙugu, ta daka tsalle. Ki ɗaura gashin kaza a bakin kara bayan isha'i ki dinga ja mata a ƙasa kina ɓoyewa bayan kujera kamar minti goma ko sha biyar, ki bari ta kama a ƙarshe, sannan ki ba ta abinci, za ki ga ta lashe jiki ta kwanta. Kar ki saba mata wasa da hannunki, yanzu da take ƙarama daɗi ne amma in ta girma yara za ta dinga cafka. Kwalin taliya da murfin kwalba sun ishe ta wasa. Kuma ki shirya, wataran za ki tashi ki tarar da ƙadangare ko tsaka a bakin ƙofarki ko kan sallaya, kar ki dake ta, wurin da ta aminta da shi take kawo abin da ta kama. Sai dai mai cin ƙadangare tana buƙatar maganin tsutsa lokaci-lokaci, in kin je ki sa a yi mata allurar haukan kare gaba ɗaya.

Abin da zai sa ki tashi tsaye shi ne in ta kwana biyu ba ta ci komai ba, don su yunwar kwanaki tana taɓa musu hanta, ko tana amai sau da yawa a yini ɗaya, ko ta ɓuya ta daina gyara jikinta, ko kuma wadda ba ta shan ruwa ta dawo tana sha ba ƙaƙƙautawa, wannan kan nuna ƙoda ko ciwon suga. In namiji ne kuma kika ga yana ta tsugunno fitsari ba ya fita, ranar za ki kai shi ba gobe ba.

Mama kuma ki lallaɓa ta, kar ki yi musu da ita, ki dai dinga rufe magen a ɗakinki da dare kwana biyu har tseren ya ragu. Ki canza wa ruwan wuri yau ɗin nan, bayan kwana uku ki faɗa min ko ta fara sha, ki kuma gaya min me kike ba ta tana ci da watanninta nawa, don in ba ta kai wata shida ba cin nata ya fi haka yawa.