Bidiyo ya ƙi tafiya a WhatsApp, da sauran tambayoyinku

Tambaya: Malam, bidiyon bikin ƙanwata da munka ɗauka minti 20 ne kacal amma ya kai 8GB, WhatsApp ya ƙi ɗauka. Wani abokina ya ce in ɗora shi wani shafi na intanet su matse min kyauta. Mi ka gani? Daga wani mai karatu a Jega.

Amsa: Ƙanina ko ba ka faɗa ba na san a 4K ka ɗauka, wato saitin kamara mai tsananin kaifin hoto da cin wuri, wannan ciwon ya kama kowa, mutum ya sayi sabuwar waya sai ya ƙure komai don kar kuɗinsa su tafi a banza. iPhone da kanta ta rubuta a wajen saitin kamara cewa minti ɗaya na 4K mai 60fps (wato hoto 60 a kowane sakan) yana cin kusan 400MB, shi kuwa 1080p (wanda bai kai 4K kaifi ba) mai 30fps kusan 60MB. Yi lissafi da kanka. To don Allah wa zai kalli 4K ɗin nan? Gwaggo ce a Yauri, a wayar da allonta bai wuce tafin hannu ba, ga netwok yana zuwa yana ɗaukewa.

Shi kuma abokin naka ka gaishe shi, amma kar ka bi shawararsa. Kafin shafin ya matse maka komai sai ka fara ɗora masa 8GB ɗin nan da datarka, sannan bidiyon biki ne fa, matan gidanku ne a ciki sun ci kwalliya suna rawa, ka ɗauka ka miƙa wa mutanen da ba ka san ko a wace ƙasa suke ba, wai sun ce za su goge bayan awa kaza, kai ka ga lokacin da suka goge? Nemi kwamfuta ka sa HandBrake, manhajar matse bidiyo, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet wajen aiki, zaɓi Fast 1080p30 ko ma 720p ka bar ta ta yi abinta. A cikin tsarin matsin da za ta ba ka zaɓi, H.265 ya fi rage nauyi amma tsofaffin wayoyi kan yi masa gardama, ni H.264 nake tsayawa in dangi zan tura wa. Kuma kar ka kuskura ka goge na asalin, abin da matsi ya zubar ba ya dawowa. Ajiye shi a filash ko hard disk.

Tambaya: Na sa bidiyo a ZIP amma nauyin bai ragu ba. Daga Kaura Namoda.

Amsa: Ba zai ragu ba Alhaji, bidiyon MP4 dama a matse yake. ZIP na takardu ne.

Tambaya: Gmail ya ƙi karɓar bidiyon aikina na makaranta. Wata ɗaliba daga Gusau.

Amsa: Iyakarsa 25MB. Ɗora a Google Drive, kina da 15GB kyauta, ki tura wa malamin link, ki tabbatar kin buɗe masa izinin gani.

Tambaya: In na tura bidiyon atamfofina a WhatsApp sai kalar ta dusashe, kwastomomi na ƙorafi. Daga Argungu.

Amsa: Hajiya WhatsApp ne ke matse shi da kansa. Ki danna HD kafin ki tura, ko ki tura shi a matsayin document, a nan yana ɗaukar har 2GB ba tare da ya taɓa ingancin ba. Ki kuma goge gilashin kamarar da gefen mayafi kafin ki ɗauka.