Me ya sa aka tsallake yayana aka fara da wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Motar haya ce ta yi karo da tirela a hanyar Katsina zuwa Daura, aka kwaso mutane da dama zuwa asibiti, har da yayana da ƙafarsa ta karye. Yana ta ihu, amma ma'aikata suka wuce shi suka rufu a kan wani da ko motsi ba ya yi. Wannan ba son kai ba ne? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yayanka lafiya, ya kiyaye gaba. Malam, na san abin da ciwo, amma yadda ka kwatanta, ma'aikatan nan ƙa'idar aiki suka bi.

Idan masu rauni suka fi ƙarfin hannun da ke akwai, ba a bin layi, ba a duba wanda ya riga zuwa ko ɗan wane. Tantancewa ake yi: wa zai rasu cikin mintoci idan ba a taɓa shi ba? Likitan sojojin Napoleon na Faransa, Dominique Larrey, yana cikin waɗanda suka fara wannan tsari a fagen yaƙi, kuma a 1983 aka fito da salon tantancewa cikin gaggawa mai suna START a Kalifoniya ta Amurka, wanda ake koyarwa har yau.

Ma'aikaci zai fara ɗaga murya ya ce duk mai iya tafiya ya koma gefe guda. Kowa launi ake ba shi gwargwadon halinsa. Waɗannan su ne kore, za su jira. Sauran kuwa, ƙasa da minti ɗaya ake ba kowa. Yana numfashi? Idan numfashin ya haura 30 a minti, ja ne, wato da shi za a fara nan take. A danna farcensa a saki. Idan jini bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ja ne. A ce masa "matse hannuna". Idan ya kasa, shi ma ja ne. Wanda ya tsallake duka amma ba ya iya tashi, rawaya ne, wato sai bayan ja za a zo kansa, kuma a nan mai karaya irin ta yayanka ya fi faɗawa. Baƙi na wanda ba ya numfashi ne ko bayan an buɗe masa hanyar iska, shi ake wucewa a koma kan sauran, kuma wallahi babu hukuncin da ya fi wannan nauyi a zuciyar ma'aikaci.

Ihun yayanka kansa shaida ne cewa maƙogwaronsa a buɗe yake, jini na kaiwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, gumi na tsattsafo masa, shi muke tsoro, don sau da yawa jini ne ke zuba a cikinsa. Launin kuma ba ya zama dindindin. Karayar cinya na iya shanye jini fiye da lita guda, shi ya sa ake ta sake dubawa.

Idan Allah ya kai ka wurin haɗari, kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra ko 112. Danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Kada a ɗura wa kowa ruwa ko madara. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a cusa a Keke Napep. A kwantar da shi a kan allo ko ƙyaure, mutum ɗaya na riƙe da kansa har a isa asibiti.