Wace ce Jean Watson da ake ta ambata a makarantar nas?

Ƙanwata, kin ce malamanku sun matsa muku da sunan Jean Watson, kina tambayar me ta yi da har ake karanta ta.

Ba'amurkiya ce, an haife ta a 1940 a jihar West Virginia. Ta fara da aikin jinya, sannan ta yi digirin digirgir a Jami'ar Colorado a 1973, ta koyar a can shekaru da dama har ta shugabanci makarantar jinya ta jami'ar. A littafin da ta fitar a 1979 ta kawo ginshiƙai 10 na kulawa, ta ce warkar da cuta aikin likita ne, amma kula da mutum ita ce gindin aikin nas.

Ga yadda abin yake a ɗakin marasa lafiya. Nas biyu za su yi wa tsohuwa ƙarin ruwa. Ta farko ta kama hannu, ta soka allura, ta wuce. Ta biyu ta gaishe ta da sunanta, ta ja labule, ta faɗa mata abin da za a yi, ta saurari fargabarta. Magani ɗaya ne, amma a wurin Watson ta biyun ce ta yi jinya.

Masu suka na cewa ra'ayin nata yana da wuyar aunawa, kuma nas ɗaya mai gadaje birjik ina ta ga lokaci? Suna da gaskiya, sai dai gaisuwa da jan labule ba sa cin minti guda.

A 2008 Watson ta kafa cibiyarta ta koyar da ilimin kulawa. Don jarrabawa kuwa, ki riƙe ginshiƙan nan 10.