Ku Tambaya Mu Amsa: Wace Rasiba Zan Saya da Kuɗi Kaɗan?

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga Sakkwato da kewaye suka fito, kuma a kan rasibar satalayit suke, wadda wasu ke ce wa dikoda. Mun haɗa masu kama da juna wuri ɗaya.

Tambaya daga wani magidanci a Mabera: Assalamu alaikum. Na shiga Babbar Kasuwa neman rasiba wadda ba a biyan kuɗin wata. An nuna mini kala uku, kowace kwalinta an rubuta HD, ɗaya har da 4K, amma kuɗinsu ya sha bamban. Wace zan ɗauka? Ƙarfina kaɗan ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa kwali, zauna da iyali ku faɗi tashoshin da kuke so, domin tasha ce ke nuna tauraro, wato tauraron ɗan'adam da ke aiko da ita, tauraro ya nuna girman dish, sannan a zo kan rasiba. In tashar Makka da ta Madina da sauran na Larabawa kuke so, suna kan Nilesat a digiri 7 yamma da kuma Arabsat a digiri 26 gabas. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ana kama ta kyauta a kan Eutelsat 16A, digiri 16 gabas. Daga Sakkwato dish ɗin Nilesat kudu maso yamma yake kallo, sauran biyun kudu maso gabas. Mu nan a gefen hasken taurarin Larabawa muke, saboda haka ƙaramin dish na santimita 60 ba zai riƙe maka su yadda kake so ba, komai tsadar rasibar da ka sa masa.

Yanzu ga abin da za ka duba a jikin kwali, kuma ka sake dubawa a cikin manun rasibar bayan an kunna ta. Na farko a ga an rubuta DVB-S2, wato tsarin karɓar sigina daga tauraro. Mai DVB-S kawai tsohon yayi ce, tashoshi da yawa sun bar wannan tsarin. Mai DVB-T2 kuwa ta eriya ce irin tsarin GOtv, ba ta aiki da dish sam, kuma mutane da yawa na yin wannan kuskuren saboda harafi ɗaya ne ya raba su. Akwai mai haɗe da biyun da ake kira kombo, amma in ba ka da buƙatar eriya kada ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Na biyu shi ne inda bambancin farashin nan yake ɓoye. Hoton tasha a matse yake zuwa, rasiba ce ke warware shi. Tsohon tsari MPEG-2 ne, sai MPEG-4 da ake kira H.264, sai sabon H.265 da ake rubutawa HEVC. Mai H.265 tana buɗe duka ukun, mai H.264 ba ta buɗe na sama da ita. A ganinmu in ƙarin kuɗin bai fi ƙarfinka ba, a nan ya kamata ka sa shi, don tashoshi suna ta komawa sabon tsarin saboda ya fi musu sauƙin kuɗin haya a tauraro. Rubutun 4K a kan rasiba mai araha kada ya ɗauke maka hankali. Galibinsu 1080 ne iyakarsu, wato HD, kuma yawancin tashoshin kyauta da za ka kalla ba su wuce haka ba.

Sai ƙananan abubuwa masu amfani. Ta kasance tana da binciken da ake kira bilayin sikan, wanda ke nemo tashoshi da kansa ba sai ka shigar da lambobi ba. Ta kasance tana da DiSEqC, tsarin da ke haɗa tauraro fiye da ɗaya, don in ka ƙara tauraro gobe: 1.0 na ɗaukar LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, har 4 a kan waya ɗaya, 1.1 har 16. In talabijin ɗinka ta da ce mai ƙeya, tabbatar akwai ramukan AV, wato rawaya da ja da fari, don wasu ƙananan HDMI kaɗai gare su. Sunan kamfani kuma ba hujja ba ne shi kaɗai. Strong ta yi suna a Najeriya, shi ya sa jabunta ma suka yi yawa. Kada ka biya sai an jona ta da dish ɗin shago, an yi bincike a gabanka, ka ga tashar HD ta buɗe da hoto da murya, ka danna kowane maɓalli na rimot, sannan a rubuta maka rasit da kwanakin da za ka iya mayarwa.

Tambaya daga wata uwargida a Runjin Sambo: Mi ya sa wasu tashoshi murya kawai nike ji babu hoto, wasu kuma an sa musu alamar dala ba su buɗewa?

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce daban. Murya ba hoto na nufin tashar ta koma tsarin da rasibarki ba ta iya warwarewa, kuma mai gyara ba shi da abin yi a kai, sai canjin rasiba. Dish da waya da LNB duk ki bar abinki, lafiyarsu lau. In akasin haka ne, hoto ba murya, fara danna maɓallin Audio a rimot ki sauya zaɓi, sau da yawa nan take take dawowa. Masu alamar dala kuwa a kulle suke, na masu biyan kuɗin wata ne. Ki goge su daga jeri kawai don kada su riƙa ba ki wahalar nema.

Tambaya daga wani matashi a ƙasar Gwadabawa: Garinmu sola muke amfani da ita. Wace iri ta dace?

Amsa: Ɗan'uwa, nemi wadda ke da adafta a waje mai bolt 12, ka bar mai shiga soket kai tsaye. Cin wutarsu kaɗan ne, yawanci bai kai wat 15 ba. Sai dai kada ka ɗaura ta a kan batir tsirara, domin lokacin da rana ke caji batir na haura bolt 14. Sa ƙaramin regileta mai tsayar da wuta a 12, ka kuma kula da jan waya da baƙi, juya su sau ɗaya ya isa ya ƙona ta. Ko masu wutar gari muna ba su shawarar irin wannan, don in wuta ta yi tsalle adafta ce ke mutuwa, ka sayi wata ka ci gaba da kallo. Adaftar da za ka saya ta kasance mai amfiya 1.5 zuwa 2, saboda rasiba ce ke ciyar da LNB ma. In adafta ta yi rauni za ka ga rabin tashoshi sun ɓace, ko rasibar ta riƙa mutuwa tana tashi.

Tambaya daga Arkilla: Tawa in rana ta take sai ta daskare, yanzu ma jar wuta kawai take nunawa.

Amsa: Zafi ne, Malam. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan shan iska, ga kuma al'adar lulluɓe kayan kallo da ƙyalle don ado. Ƙananan nan da ake maƙalawa a bayan talabijin su suka fi shan wuya, don zafin talabijin ɗin ma a kansu yake sauka. Jar wuta ba tashi yawanci ɓangaren wuta ne. In mai gyara ya buɗe zai ga kafasita ɗaya ko biyu kansu ya kumbura maimakon ya kwanta sumul, canza su aiki ne mai sauƙi kuma mai araha. In mai adafta ce, fara gwada wata adaftar kafin ka kai ta ko'ina. Bayan gyara ɗora ta a fili, ka bar mata tazarar yatsu huɗu ta kowane gefe, kuma ka zare ta daga soket in ba a kallo.

Tambaya daga Bodinga: Bayan iskar farkon damina sai ta rubuta babu sigina. Mai shago ya ce in sayi sabuwa. Kuma ina son in ja waya zuwa ɗakin amarya.

Amsa: Dakata da sayen tukuna. Danna Info ka ga layuka biyu, na ƙarfi da na inganci. In ƙarfi na sama inganci na sifili, rasiba da waya suna aiki, dish ne iska ta gusar, kuma ɗan motsi kaɗan ya isa. A saita shi a ɗaure ƙusoshi da kyau. In duka biyun sun faɗi, duba kan wayar. Kashe wuta tukuna, ka kwance shi ka ga ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa, ko silin gashin waya ɗaya ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. Duba saiti kuma, lambobin LNB na gama-gari 9750 da 10600 ne, yara kan taɓa shi. Wayar ta zama irin wadda ake kira RG6, guda ɗaya ba gami, a naɗe kan da ke waje da tef. Ɗaukewar hoto lokacin da hadari ya haɗu ba lalacewa ba ce, ruwan sama ne ke tare siginar, yana wucewa take dawowa.

Batun ɗaki na biyu, kada ka raba waya ɗaya gida biyu. Rasiba na tura wa LNB bolt 13 ko 18 gwargwadon tashar da aka zaɓa, to in uwargida ta zaɓi ɗaya amarya ta zaɓi ɗaya, sai tashoshin wata su ɓace. Sayi LNB mai baki biyu, kowane ɗaki da wayarsa da rasibarsa.

Tambaya daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada: An ce akwai rasiba da ake sa wa sofwaya ta buɗe tashoshin DStv kyauta. In saya?

Amsa: Ba mu ba ka shawara ba. Satar hanya ce, doka ta hana, kuma kai da ke karɓar kuɗin mutane a ƙofa ka fi kowa shiga hatsari. Irin wannan na dogara ne da intanet da wata na'ura a wata ƙasa, ranar da aka rufe ta hoto ya tafi ko da ana tsakiyar wasa, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Ɗora sofwayar da ba ta rasibar ba, ko wuta ta ɗauke ana cikin ɗorawa, kan bar ta a sandare ba ta wuce tambarin farko, kuma ba kowane mai gyara ke iya farfaɗo da ita ba. In ƙwallon Turai ce sana'arka, yi rajistar da aka tanada don wuraren kasuwanci ka sa kuɗin cikin lissafin tikiti, ka ajiye rasibar kyauta a gefe don labarai da wa'azi kafin a take wasa.