Na Taya Zane, Ko Albarka Ba a Ce Min Ba

TAMBAYA: Salam Malam. Satin da ya wuce na je baje kolin zane-zane a wani gidan tarihi a Abuja, na ga zanen hawan daushe da ya tafi da imanina, doki ya yi tsaye da ƙafa biyu ga ƙura ta turnuƙe kamar ka ji algaita. Dubu ɗari huɗu aka rubuta, na taya ɗari da hamsin yadda muka saba, wallahi matar da ke kula da wurin ko albarka ba ta ce min ba, murmushi ta yi ta wuce abinta. Wai ba a ciniki ne a irin wurin nan? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ana yi mana, amma ɗan'uwa kai ma ka kwafsa, tayin Kantin Kwari ka kai inda ba a yinsa. Kayan gidan tarihi na kansa, irin na Gidan Makama, ba na sayarwa ba ne sam, amma tunda an rubuta kuɗi to na mai zanen ne aka kawo. Kuma kuɗin nan ba shi kaɗai zai ci ba, masu baje kolin na cire la'adarsu, wani lokacin har rabi, ga fenti ga firem ga watannin da ya yi a kai, to ka lissafa me zai rage masa a tayinka.

Rangwamen da aka saba bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Ni da ni ne, zan bari sai ana gab da rufewa in koma, in babu ɗan jan ɗigon nan a gefensa mai nuna an saya, in ce ina so da gaske, nawa za a sallama, kuma ko za a yarda in ba da kafin alƙalami in biya sauran kashi-kashi. Wannan ya fi saurin karɓuwa. Kar dai ka zagaya ka nemi mai zanen a ɓoye, za ka haɗa shi rigima da masu baje kolin.

In an daidaita ka karɓi rasit da takardar shaida mai sa hannunsa da shekarar zanen, kar ka raina ta don zane na iya yin daraja nan gaba, zanen Tutu na Ben Enwonwu, fitaccen mai zane ɗan Najeriya, fam miliyan 1.2 aka saye shi a Landan a 2018. Sannan ko ka biya yau, yawanci sai an rufe baje kolin za a sauke maka shi daga bango.