Bindigar iska: in ƙara mata ƙarfi ko in bar ta haka?

Wani ɗan'uwa daga Daura ya turo cewa ya sayi bindigar iska ƙirar Hatsan mai tukunyar iska, mai cin ƙwaya milimita 5.5, don gafiya da ɓerayen da suka dami rumbunsa. Yana son ta ƙara duka, wai ya sayi sifirin mai tauri ne ko ya kai wa mai gyara a faɗaɗa ramin bawul, wato ramin da iska ke bi ta kai ga ƙwaya?

Malam don Allah kar ka bari kowa ya sa mata dirin. Kuɗin nan ka tara ka sayi na'urar auna gudun harsashi, kurono, in babu ita duk gyaran da za ka yi lalube ne cikin duhu, kunne ba ya auna gudu, sau da yawa ma ƙarar da ke burge mutane iska ce ke fita a banza bayan ƙwayar dalmar ta riga ta tafi.

Ga yadda abin yake. In ka ja kunama guduma ce ke dukan bawul, ya buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, iskar tukunya ta sake danne shi. In ka matse sifirin gudumar gudu zai ƙaru, ya ƙaru, sai a zo wurin da ko ka ƙara matsewa lambar kurono ba ta motsi, to daga nan duk ƙarin da ka yi iskarka kawai kake zubarwa, ga wahalar famfo da hannu cikin zafin nan namu. Abin da ake yi shi ne a gano wannan iyakar sannan a sassauta kaɗan, misali in ta tsaya a mita 280 cikin daƙiƙa ka dawo da ita wajen 270, za ka sha mamakin yawan harbin da za ka samu a ciko ɗaya kuma ƙarar ta ragu. Kwatan zagaye ake juya mamatsin sifirin kowane karo, a harba, a rubuta, in irin taka na da wurin juyawar. Kuma ƙwayar dalmar nan mai buɗaɗɗen gindi kamar siket in ta kusa gudun sauti, wajen mita 340, sai ta fara lilo, gafiya na kallonka. Ramin kuwa in ya yi faɗi ƙwaya na faɗawa ciki ta kwarzane wajen lodi, kuma ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

Wani kuma daga Ƙofar Ƙaura yana tambaya mi ya sa in ya cika tasa taf harbin farko ke zuwa da rauni, ko ta lalace ne ya canza?

Lafiyarta lau. Marar regileta, wato na'urar daidaita ƙarfin iska, haka take, iska ta yi yawa guduma ta kasa buɗe bawul sosai, sai geji, agogon auna iskar tukunya, ya ɗan sauka take dawowa hayyacinta. Ka gano inda ta fi daidaito ka riƙa tsayawa nan. In za ka sake saye ka nemi mai regileta, ita ke ba bawul iska iri ɗaya kowane harbi, sai dai robobinta kan buƙaci canji, ka tambayi mai sayarwa ko yana da su kafin ka biya.

Ku biyun duka, kar a kwance komai sai an sauke iska geji ya koma sifili. Oksijin na masu walda ko baƙin mai kar su kusanci tukunya, fashewa take, man silikon kaɗai ake shafa wa robobi. Tukunyar da aka cika har geji ya nuna 200 in ta wuni cikin mota a watan Afrilu tana iya haura 220. Sannan dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigar iska cikin masu buƙatar lasisin 'yan sanda, da yanayin tsaron jihar nan ta Katsina ku fara da takarda kafin ku fita da ita gona.